Ni da maigidana za mu fara tuƙin tirela na dogon zango a mota ɗaya, ina neman shawara

Uwar Biyu

Assalamu alaikum. Ni da maigidana duk muna da lasisin babbar mota, kuma kamfani ya amince ya haɗa mu a mota ɗaya, mu riƙa tuƙin karɓa-karɓa a dogon zango. Motar mai ɗakin kwana ce a bayan kujeru, gado biyu, sama da ƙasa. Tuƙin kansa ba ya ba ni tsoro. Abin da nake so masu sani su fayyace mini shi ne zaman yau da gobe: yaya ake raba awanni tsakanin mutum biyu, shin barci na yiwuwa mota tana tafiya, me ya kamata mu saka a cikin motar, kuma wane abu ne ya fi kawo matsala a watannin farko? Na gode.

Tsohon Direba

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sa albarka a sana'ar.

Ba ki faɗi ƙasar da za ku yi aikin ba, kuma daga nan komai yake farawa, domin doka ce take yanka muku yini kafin ku yanka shi da kanku.

A Amurka kowane direba da agogonsa. Bayan hutun awa 10 a jere, yana da damar tuƙin awa 11, kuma dole tuƙin ya ƙare cikin awa 14 daga lokacin da ya fara aiki. Idan ya tara awa 8 yana tuƙi sai ya dakata na minti 30. Sannan akwai babban ma'auni: awa 70 na aiki cikin kwana 8, wanda ake iya sabuntawa da hutun awa 34 a jere. A can, lokacin da mutum ya yi a gadon baya ana lissafa shi hutu ko da mota tana gudu, shi ya sa motar mutum biyu take iya kwana ta wuni a kan titi.

Tarayyar Turai dabam ce. Tuƙin yini awa 9 ne, ana iya kai shi 10 sau biyu a mako, da hutun minti 45 bayan awa huɗu da rabi. Iyakar mako awa 56, na mako biyu awa 90. Direbobi biyu a mota ɗaya dole kowannensu ya samu hutun awa 9 cikin kowace awa 30, kuma wannan hutun sai mota tana tsaye. Wato a Turai za ku yi barcinku na gaske a tsaye, tare. A Amurka kuwa a kan tayoyi masu juyawa za ku yi shi, ɗaya bayan ɗaya.

In tsarin Amurka ne, ga kuskuren da kusan kowa yake fara yi: ɗaya ya ja awa 11, ya miƙa, ɗayan ma ya ja 11, a sake miƙawa. Zagayen ya zama awa 22 ke nan, yini kuma awa 24 ne. Kullum lokacin barcinku yana matsowa baya da awa biyu, kafin mako ya ƙare mai barcin dare ya koma barcin rana, jiki bai san inda aka dosa ba. Maganinsa a tsayar da lokacin canji, a riƙe shi gam: awa 12 naki, awa 12 nasa. Cikin sha biyun nan ake shan mai, a duba mota, a yi lodi, a yi wanka, tuƙin ya tsaya a kan awa 9 zuwa 10.

Ni a ganina ƙarfe 3 na rana da 3 na dare sun fi 6 da 6. Daga ƙarfe 2 na dare zuwa asuba ne barci ya fi danne ɗan Adam. Idan canji yana ƙarfe 6, mutum ɗaya ne zai ɗauki daren gaba ɗaya, kuma mafi munin sa'o'in za su same shi a ƙarshen aikinsa, lokacin da ya riga ya gaji. Da ƙarfe 3 kuwa an raba duhun biyu, kowa ya ga rana, kowa ya samu wani yanki na barcin dare.

Ki lura da awa 70 ɗin nan ma. In kin raba su kwana 8, awa 8 da minti 45 ne a yini. Wanda yake cinye awa 12 na aiki kullum, kafin kwana shida su cika agogonsa ya ƙare. Ku zaɓa tun farko: ko ku ja da ƙarfi ku tsaya awa 34 tare, ko ku riƙa cin ƙasa da awa 9 kullum motar ta yi ta tafiya. Ma'aurata sun fi amfana da na farkon, don shi ne kaɗai lokacin da za ku zauna ku biyu ido biyu.

Uwar Biyu

Na gode ƙwarai, Baba. Amurka ce. To in ina hutu amma barci bai zo ba, zan iya zama a kujerar gaba mu yi hira?

Tsohon Direba

Za ki iya, amma da iyaka. Doka ta yarda a lissafa har awa 3 a kujerar gaba cikin hutu, muddin sun zo daf kafin ko daf bayan awa 7 a jere a gadon baya. Ki yi hirar a farkon hutunki ko a ƙarshensa, kada ki tsinka barcin a tsakiya.

Kuma duk lokacin canji ku tabbata kun sauya sunan mai tuƙi a na'urar ELD, wato na'urar da take rubuta awannin aikin direba, kafin taya ta motsa. Da zarar mota ta kai gudun mil 5 a awa na'urar za ta fara rubuta tuƙi, a kan sunan wanda ta sani. In an manta, sai ta rubuta wa mai barci. Ana iya mayar da lokacin ga mai shi idan ku biyun kun tabbatar a na'urar, amma a gyara nan take ya fi a tsaya yi wa jami'i bayani a bakin sikelin awon motoci. Agogon na'urar kuma lokacin garin da tashar kamfaninku take yake bi, ko kun tsallaka yankin da agogo ya bambanta. Ku ma ku bi shi wajen canji, ku bar agogon waya don alƙawarin sauke kaya.

Hajiyar Titi

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Baba ya gama maganar awanni, ni bari in tsaya a kan barcin, don a nan ne ake cin wannan aiki ko a faɗi.

Makonnin farko barcin zai zo a gutsure, ki sa wannan a ranki. Gadon yana kusan saman tayoyin baya na kan motar, duk ramin da aka faɗa a bayanki zai sauka. Jiki yana sabawa, amma sai an taimaka masa.

Gadon ƙasa kaɗai ake kwanciya mota tana tafiya. Na sama na lokacin da aka yi fakin ne, sauran lokaci ya zama wurin ajiye kaya marasa nauyi, su ma a ɗaure. Akwai raga ko bel da aka yi wa gadon ƙasa, ki maƙala shi duk sanda za ki kwanta, ko da kin ji ya takura ki. Birki ɗaya na gaggawa ya isa ya wurgo mai barci tsakanin kujeru. Katifar da take zuwa da mota yawanci siririya ce, ku auna gadon ku sayi mai kauri da ba ta da sifirin, domin mai sifirin tana ƙara wa girgiza ƙarfi. Ki sa doguwar matashiya a gefen da ke fuskantar gaba, ita za ta hana ki mirginawa duk lokacin da aka taɓa birki. Tunda gado ɗaya za ku riƙa karɓa-karɓa a kansa, kowa ya yi zanen gadonsa da matashinsa.

Labulen da ke tsakanin kujeru da gado ya rufu ruf. In haske yana shiga ta tsakiya, ku kama shi da abin shanya. Ki nemi abin toshe kunne da abin rufe ido. Ƙaramar fanka tana da amfani biyu, ga iska, ga ƙararta mai ɗorewa da take shanye sauran ƙararraki. Ɗakin ya ɗan yi sanyi ya fi ya yi ɗumi.

Sauran aikin yana hannun wanda ke kan sitiyari, kuma ku yi wannan maganar tun kafin ku tashi. Mai tuƙi ya san cewa a bayansa akwai wanda zai karɓi motar nan da awa kaɗan, kuma yadda ya tuƙa haka wancan zai tashi. Ya bar tazara mai yawa don kada ya riƙa dannan birki, ya shiga kwana a hankali, ya saki totur tun daga nesa. Rediyo a lasifikar gaba kaɗai, waya a kunne ɗaya da murya ƙasa-ƙasa. Idan ya tsaya, ya sani cewa ƙarar iskar birkin fakin da bugun ƙofa su ne suka fi tayar da mai barci, har ma shirun da ke biyo bayan tsayuwar yana tayarwa. Don haka a rage yawan tsaye-tsaye, a haɗa shan mai da bayan gida da sayayya a tsayuwa ɗaya. Birkin inji yana da ƙara, amma a gangara ba a barinsa don wani yana barci. Tashin mai barci ya fi birki ya ɗauki zafi.

Shayi mai ƙarfi ko kofi a farkon aiki ake sha. Bayan awa biyar kusan rabin sinadarinsa yana nan a jiki, wanda ya sha a ƙarshen aikinsa zai kwanta ido a bushe. Mai karɓa kuma ya tashi aƙalla minti 30 kafin canji, ya wanke fuska, ya sauko ya taka ƙasa. Wanda aka tasa daga barci aka ɗora a kan sitiyari nan take, kansa bai gama dawowa ba.

Doka ɗaya da nake roƙonku ku kafa: duk wanda ya ji gyangyaɗi ya tsaya, babu gori, babu tambaya. Alamominsa sanannu ne, hamma a jere, taka layin gefen titi, ko mutum ya kasa tuna mil biyun da ya wuce. Tsakanin miji da mata kunya da son nuna jarumta suna sa mutum ya daure, yana cewa kada ya ba ɗan'uwansa kunya. A nemi wuri mai aminci a kwanta minti 20 zuwa 30. Kuma kada a tashi mai hutu ya karɓa kafin awanninsa su cika, wannan saɓa doka ne kuma an mayar da gajiyar gaba ne kawai.

Sai maganar da mata ba su cika yi a fili ba. Da yawa suna rage shan ruwa don gudun neman bayan gida, ƙarshenta ciwon mafitsara ko tsakuwar ƙoda. Ki sha ruwanki yadda ya kamata, ku ajiye ƙaramin masai na tafi-da-gidanka mai murfi da sinadarin kashe wari, a riƙa zubarwa a wurin da aka tanada. Wuraren lodi da yawa ba sa barin direba ya shiga bayan gidansu, kuma jira yana iya kai awanni. Wanka kuwa, manyan tashoshin tireloli suna bayarwa ga wanda ya sha galan 50 ko fiye da katinsu, ku gaya musu ku biyu ne. Ku yi shi da hantsi. Daga la'asar direbobi masu tafiya su kaɗai suke cika filin, layin wanka ya yi tsawo, wurin fakin ya ƙare. In dare ya kama ki tsaya ke kaɗai a farke, ki yi fakin inda akwai fitila, ki kulle ƙofa, ki bi tsakiyar fili, kada ki ratsa tsakanin tireloli.

Mai Sifana

Hajiya ta yi bayani mai kyau. Ni ɓangaren wuta da ƙarfe zan taɓa.

Wuta tukuna. Soket ɗin sigari na mota ba ya ɗaukar fiye da wat 150 ko kusa da haka, cajin waya da kwamfuta ne iyakarsa. Na'urar ɗumama abinci da aka rubuta wa wat 700 tana jan kusan 1,100 daga wuta, a batirin volt 12 kuwa wannan ya kusa amfiya 100. Saboda haka inbata, wato na'urar da take mayar da wutar batir irin ta gida, ta zama mai wat 1,500 zuwa 2,000, a haɗa ta kai tsaye da batir da waya mai kauri, gajera, da fis kusa da kan batir. Siririyar waya tana zafi, in kuma ta goga da ƙarfe inda ta ratsa bodi babu roba, gobara ce. Kamfanoni da yawa ba sa yarda direba ya ɗaura da kansa, ku tambaya garejinsu ya yi. Lokacin ɗumama abinci inji ya kasance a kunne. Batir mai lafiya yana nuna volt 12.6 in yana hutawa, idan ya sauko 12.2 ya kai rabi, ku kashe kaya.

Firij ku sayi mai kwamfuresa. Akwatin sanyi mai fanka kawai yana rage zafi ne da kimanin digiri 20 na Celsius daga na ɗakin, in ɗakin ya yi zafi abincin ya lalace. Ana son cikin firij ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa, dafaffen abinci kuma kwana uku zuwa huɗu. A ɗaure firij ɗin da bel, a sa wa ƙofarsa sakata. Risho ko gas mai harshen wuta ba ya shiga ɗakin mota. Ku rataya na'urar gano hayaƙin da ba ya wari kusa da gado, domin salansa mai yoyo ko motar da ta yi fakin kusa da ku tana iya turo shi ciki, mai barci kuma ba zai ji komai ba.

Barin inji yana aiki a tsaye yana shan kusan galan ɗaya a awa, yana toshe matatar hayaƙi, kuma jihohi da dama sun taƙaita shi, Kalifoniya minti 5 ta yarda. Ku tambaya ko motar tana da ƙaramin injin gefe na APU, mai ba da wuta ba tare da an kunna babban inji ba, ko hitar gado.

Nauyi: iyakar mota da kaya fam 80,000 ne, wato kusan tan 36. An saba raba shi 12,000 a tayoyin gaba, 34,000 a na bayan kan mota, 34,000 a na tirela. Mutum na biyu da kayansa da firij da ruwan sha duk a kan motar suke zama, kuma galan ɗaya na dizal ya kai fam 7, tanki mai galan 200 fam 1,400 ke nan. In lodi ya yi nauyi ku hau sikeli kafin ku cika tanki. Idan tayoyin bayan kan mota sun yi yawa, a matso da tayoyin tirela gaba, kowane rami yana sauya kimanin fam 250 zuwa 400, ya danganta da tazarar ramukan.

Abin da ya fi lalacewa a motar mutum biyu shi ne dubawa, kowa yana zaton ɗayan ya duba. Motarku tana cin ninki biyu na tafiyar motar mutum ɗaya, lokacin juyen baƙin mai da canjin taya zai zo da wuri. Mai karɓa shi ne mai dubawa, kowane canji, da tocila a hannu. Ya zagaya tayoyi, ya kai bayan hannu kusa da cibiyar kowace ƙafa ya ji ko wata ta fi sauran zafi, ya duba ko mai yana tsiyaya daga cikinta. Zanen tayar gaba kada ya gaza 4/32 na inci, sauran 2/32. A gwada iska: a kashe inji, a saki birkin fakin bayan an sa wa taya waigi, a danne birki minti ɗaya, kada allurar iskar birki ta sauka fiye da psi 4 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iska). A ja igiyar tankunan iska a ga ko ruwa yana fita, in yana fita da yawa na'urar busar da iska ta gaji. Duk lokacin da kuka bar motar ba kowa, ko kuka ɗauki sabuwar tirela, a leƙa ƙarƙashi da tocila a ga haƙoran farantin da ke haɗa kan mota da tirela sun rufe a kan ƙusar tirela, babu rata tsakanin faranti da tirela, sannan a ja kaɗan a giyar farko birkin tirela yana kame.

Dogon Zango

Ina tare da Baba a kan tsayar da lokaci, amma ƙarfe 3 ba dole ba ne. Wani tun asali ɗan dare ne, wani da an yi isha'i idonsa ya rufe. In ɗayanku yana jin daɗin dare, ku bar masa, ku sa canjin inda ya dace da jikinku. Abin da ba a so shi ne sauyawa kullum. Ku gwada tsari ɗaya na mako biyu kafin ku yanke masa hukunci.

Yaya Uwar Biyu, kin tambayi abin da ya fi kawo matsala. Ribas ne. Miji yana ƙasa yana ɗaga murya, mata tana sama tana jin rabin maganar, ko akasin haka, ga wasu direbobi suna kallo. Ku yarda da alamun hannu guda huɗu kawai, dama, hagu, taho, tsaya. Mai nuni ya tsaya inda direba zai gan shi a madubin gefensa, kada ya taɓa shiga tsakanin tirela da bango. Da zarar ya ɓace daga madubi, direba ya tsaya cak. Gyara da koyarwa a bar su sai an kashe inji. Kuma ku sani, wanda yake cikin hutun awa 10 in ya sauko yin nuni ko sa hannu a takardun kaya, aiki ya yi, hutunsa ya tsinke. Mai aiki ya koyi sauka ya duba bayansa da kansa, ko sau nawa ne.

Wanda ke kan sitiyari shi ne mai yanke shawarar gudu da hanya da wurin tsayawa a awanninsa. Wanda ya fi daɗewa a sana'ar ya riƙe bakinsa sai an tambaye shi ko ya ga hatsari. Sauran ayyuka a raba su da suna: wane ne mai magana da ofis, wane ne mai ɗaukar hoton takardun kaya ya tura, wane ne mai lissafin mai. A lokacin canji a ɗauki minti goma a faɗa wa juna mai nawa ya rage, mil nawa ya rage, ƙarfe nawa ake jiran kaya, da duk wata ƙara ko fitila da motar ta nuna.

Kuɗi ma ku duba da kyau. Yawanci ana biyan motar ne a kan kowace mil, a raba muku biyu, don haka ku tambaya a rubuce nawa ake biya idan an tsare ku a wurin lodi ko mota ta kwana a gareji. Albashinku biyu a kan inji ɗaya yake, ranar da ya tsaya duka biyun sun tsaya. Ku tara abin da zai riƙe gida aƙalla wata biyu ko uku kafin ku fara sayen kayan ƙawata mota. Haka hutun gida, tare za ku tafi tare za ku dawo, sai ku samu amintaccen mutum da zai riƙa karɓar wasiƙu da duba gidan, ku mayar da biyan haya da wuta ta intanet. Ranakun ganin likita da na sabunta takardar lafiyar direba ku haɗa su mako ɗaya, ku sanar da ofis tun da wata guda, domin in takardar ɗayanku ta ƙare a hanya motar ta koma ta mutum ɗaya har sai an sabunta.